Gatarin Aradu da Ma'aunin Ruwa

A gefen gabas na garin Baudeta, cikin gundumar Tasawa, akwai wani gida da aka kafa sanda a tsakar filinsa, nesa da rumbu, nesa da inuwar dogon yaro. A kan sandan an ɗaure wani dogon kofi na roba mai jerin lambobi a jikinsa. Mai gidan tsohon malamin lakkol ne da ya ajiye alli. Kowace safiya ta damina, tun kafin ya karya kumallo, yakan je ya sunkuya gaban kofin, ya daidaita idonsa da bakin ruwan, ya rubuta lamba a littafi, sannan ya zubar. Tun daminar 2009, da wani malamin gona ya kawo masa ma'aunin, yake wannan aiki, ba kuwa wanda ke biyansa ko dala. Samarin unguwa sukan yi masa ba'a, su ce Malam yana auna abin da Allah ya riga ya auna. Sa'anninsa ba sa tanka wa ba'ar, domin sun san abin da ya faru a gonar gidansu a daminar 1973.

Mahaifinsa yana cikin dattawan da ake zuwa wurinsu idan bazara ta tsananta. Bai yi boko ba, bai kuma yi nisa a allo ba, amma ya san sama kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Yakan lura da ranar da iska ta juya, ta bar busowa daga arewa maso gabas da ƙurarta, ta soma zuwa daga kudu maso yamma da ɗan danshin da ke sa gishiri ya yi laushi a ƙwarya. Yakan lura da ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin kasuwa ta fara tara ƙirare, da ranar da kuka ta yi toho alhali ko ɗigo bai sauka ba, da lokacin da gawo ya soma kaɗe ganye, shi da ke yin kore a rani ya tuɓe a damina. Daga wurin liman kuma yakan ji lissafin taurari, masaukai 28 da ake ba kowanne kwana 13, ɗaya a cikinsu 14, tun daga Surayya wadda ake kira Kaza da Ƴaƴanta, zuwa Dabaran, har su Nasara da Ɗarfa da Jabha na tsakiyar damina. Duk wannan yakan haɗa shi ya auna a zuci. Bai taɓa cewa gobe za a yi ruwa ba. Iyakarsa ya ce sama ta yi nauyi, kowa ya gyara sunguminsa.

A 1973 farin da ya faro tun 1968 ya kai maƙura. An yi shuka sau biyu tana ƙonewa, ta uku ce ta ɗan tsaya. Wata rana bayan azahar yaron, yana da shekara 12, ya kai wa wansa fura a gona. Wan nasa shi ne ɗan fari, saurayi ne da ya isa aure, yana noman farko shi kaɗai. Suna cikin shan furar gabas ta yi baƙi, sannan ta yi ja, bangon ƙura ya miƙe tun daga ƙasa har inda ido ya tsaya. Wan ya ce masa: «Kora awakin nan gida, ka ruga. Ni zan fake a nan in ga ko za a samu.» Ya nufi gindin babban gawon da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonar. Yaron bai kai bakin hanya ba duniya ta yi fari fat, ƙara ta jefar da shi ƙasa. Da ya ɗaga kai, sai ya ga gawon yana hayaƙi, wansa kwance a gindinsa.

Mutane suka taru, amma ba wanda ya matsa kusa. A wancan zamani wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai maƙeri ya zo, domin an ɗauka wutar tana nan a jikinsa, kuma maƙera ne ke da sirrin wuta. Aka aika ƙauyen da ke kusa. Kafin maƙerin ya iso da ƙwaryar madararsa rana ta kusa faɗuwa. Ya yayyafa, ya yi abin da ya gada, ya tona a gindin itacen, ya fito da wani baƙin dutse mai santsi mai baki kamar na gatari, ya miƙa wa mahaifin, ya ce ga gatarin aradu. Ruwan da hadarin ya zubar a ranar ko ƙura bai gama kashewa ba.

Wurin jana'iza liman ya yi nasiha, ya ce ajali ne, ya ce tsawa halitta ce mai tasbihi wadda ba ta da ikon kanta, har sura ta 13 ta Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi. Zukata suka yi sanyi, amma bakuna ba su rufe ba. Tsohuwar magana ita ce aradu ba ta faɗuwa banza: ɓarawo take nema, ko wanda ya rantse da ita a kan ƙarya. Shekarar kuwa ta yunwa ce, ana wayar gari a tarar an zare dami daga rumbun wani. Ba wanda ya fito fili ya faɗa. Sai dai yaron ya lura da yadda hira ke mutuwa idan ya iso bakin rijiya. Uwarsu, da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa tun yana raye, kunya kuma ba ta bar ta ta yi kukansa a gaban mutane ba. Uban ya ajiye dutsen a cikin jakar fata, kuma daga wannan shekara ya rage yi wa mutane maganar sama.

Tambaya ɗaya yaron ya ɗauka daga gonar zuwa kwaleji a Maradi: me ya sa shi? A can ya fara ganin ɗan shingen ma'aikatan meteyo a filin jirgin sama, da farin akwati mai tagogi da ake ajiye ma'aunin zafi a ciki, da ƙarfe mai juyawa don auna iska. Amsar ba ta zo masa a rana ɗaya ba. Ya tsince ta ne kaɗan-kaɗan, a aji, a littattafai, a rediyo, a bakin ma'aikatan da ya yi ta damu da tambaya, cikin shekaru masu yawa.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne wanda kowane manomi ya sani amma bai cika tambaya ba: iskar da ke kawo danshi daga kudu maso yamma take zuwa, hadari kuwa daga gabas yake tasowa. Dalili shi ne iska hawa-hawa ce. A ƙasa-ƙasa akwai iskar damina mai ɗauke da tururin tekun Atlantika, wadda ke kutsowa arewa idan hamada ta yi zafi, tana tura busasshiyar iskar hunturu baya. Juyawar da mahaifinsa ke jira ita ce wucewar iyakar waɗannan iskoki biyu ta kan garinsu, shamuwa ma wannan iyakar take biyowa daga kudancin Afirka. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke busawa daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin bakin teku ke haifarwa. Ita ce ke jan hadari. Yawanci yakan ƙullu da yamma a kan tuddai, kamar duwatsun Abzin, ko tudun Jos, ko na Darfur, ya jeru ya zama layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ya taho yana cin kilomita 50 zuwa 60 a awa ɗaya. Ruwan da ke zuba a cikinsa yana sanyaya iska, ta faɗo ƙasa da nauyi ta bazu gaba, ita ce ke tayar da jan bangon ƙura, ita ce kuma sanyin da ake ji kafin ɗigon farko. Wannan iska mai sanyi tana shiga ƙarƙashin iska mai zafi da danshi da ke gabanta ta ɗaga ta, sabon girgije ya ƙullu, hadarin ya yi ta haifar kansa yana tafiya har tsakar dare. Mafi yawan ruwan Sahel, wajen kashi 8 zuwa 9 cikin 10, irin waɗannan manyan hadurra ke kawo shi. Iskar gabas ɗin tana kuma yin lanƙwasa da ke wucewa duk kwana 3 zuwa 5, shi ya sa ruwa kan yi fashi ya dawo. Wasu daga cikin waɗannan lanƙwasa sukan wuce Dakar su faɗa teku, su riƙa su zama mahaukaciyar guguwar da ke rushe gidaje a Amurka. Hadarin da ya wuce gonar mutum bai zuba ba yana da doguwar tafiya a gabansa.

Sannan ya zo kan walƙiya. Tun 1752 Benjamin Franklin ya nuna a Amurka cewa wutar lantarki ce. Girgijen hadari yakan yi tsawo har kilomita 15 ko fiye, kansa yana cikin sanyin da ya fi na kowane hunturu. A tsakiyarsa, inda sanyi ya kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da daskarewar ruwa, iska mai hawa tana ɗaukar ɓarɓashin ƙanƙara zuwa sama, ƙanƙara mai ɗan nauyi kamar ƙwayar wake kuma tana gangarowa. Suna gugar juna a hanya, kowace guga tana raba ƙarfin lantarki, marasa nauyi su hau da iri ɗaya, masu nauyi su sauko da kishiyarsa. Idan rabuwar ta yi yawa har iska ta kasa tsare tsakani, sai wuta ta keta. Mafi yawan walƙiya a cikin girgijen take ƙarewa. Wadda ke saukowa ƙasa takan zo ne taki-taki, kamar mai laluben hanya cikin duhu, kowane taki kimanin mita 50, tana yin rassa hagu da dama. Ba ruwanta da abin da ke ƙasa sai ta zo dab da shi. A nan ne abubuwa masu tsawo, itace ko hasumiya ko mutumin da ke tsaye a fili, ke miƙa mata nasu ɗan zaren wutar, wanda ya riga haɗuwa da ita kuwa ta nan za ta bi. Cikin ƙiftawar ido iskar da ke hanyarta ta yi zafin digiri dubu 30, ninki biyar na fuskar rana, ta buɗe da ƙarfi. Ƙarar buɗewar ita ce tsawa.

Ke nan a gonar nan gawon ne ya fi komi tsawo, wutar ta bi shi, daga jikinsa ta yi tsalle zuwa ga wanda ya jingina da shi. Da ya fara koyarwa a ƙauyukan Mayahi, a bakin Gulbin Kaba, ya sha ganin goriba da aradu ta tsaga tun daga kai har gindi, ya ga shanun Fulani da suka zube tare a ƙarƙashin itace ɗaya, saboda wutar da ta shiga ƙasa takan bazu ta hau ta ƙafar gaba ta fita ta ta baya. Goriba ba ta sata, saniya ba ta rantsuwa. Dutsen ma ya gane asalinsa: gatari ne na gaske, amma hannun mutum ya wasa shi, mutanen da suka zauna wannan ƙasa dubban shekaru kafin a san ƙarfe, kuma irinsa suna nan binne a wurare da yawa, ruwa da noma suna tono su. Abin da aradu ke bari a cikin rairayi daban ne, wani ɗan bututu ne na yashi da ya narke ya zama kamar gilashi. Ana samunsu da yawa a hamadar gabashin Nijar, shaidar cewa inda yau babu ko ɗigo an taɓa yin damina.

Hutun farko da ya zo gida da wannan sani, ya zauna a bakin ɗakin mahaifiyarsa bayan isha ya warware mata shi duka, da ƙanƙara da gawo da goriba. Ya ce: «Inna, Yaya bai yi komi ba. Itacen ne ya fi tsawo.» Ta daɗe ba ta ce uffan ba, tana ta ɓarar gujiya. Can ta ce: «Ni ban taɓa tuhumarsa ba, ɗan nan. Kai ne kake bukatar takarda.» Ya tashi da sauƙi a zuciya, da kuma wani nauyi da bai sauke mata ba har ta bar duniya. Domin littafin da ya wanke wansa shi ne ya gaya masa cewa wanda aradu ta taɓa ba ya riƙe wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take, cewa mafi yawan waɗanda ta taɓa suna rayuwa, kuma abin da ke kashewa shi ne tsayawar zuciya da numfashi, wanda danna ƙirji da hura numfashi a baki cikin mintunan farko kan iya mayarwa. Ko da an yi haka a ranar, Allah kaɗai ya san ko da wan nasa ya tashi. Amma ya tuna tsawon wannan yammaci, da da'irar mutane a tsaye, da kansa a cikinsu.

Farin da ya ci wannan shekara shi ne ya haifi hukumomin da ke duba sama a yau. A 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS don yaƙi da fari, a 1974 aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai, daga baya cibiyar ACMAD ta dukan Afirka ta zauna a birnin. Tauraron ɗan'adam na Meteosat na farko ya tashi a 1977, na 2002 ya fara aiko da hoton girgije duk minti 15, wanda aka harba a Disamba 2022 kuwa yana ɗauke da na'urar da ke ganin walƙiya kanta daga sama dare da rana. A 2006 masana daga ƙasashe da dama suka taru ƙarƙashin shirin AMMA, da jirage da na'urar rada a filin jirgin Yamai da balan-balan masu ɗauke da ma'auni, don su fahimci daminar Afirka ta Yamma. Tun 1998 kuma ake zaman shekara-shekara kafin faɗuwar ruwa, a duba zafin ruwan tekuna, na Atlantika da na Fasifik, a fitar da hasashen damina, rediyo ya watsa shi da Hausa.

Hasashen iri uku ne, kuma Malam ya koyi ba kowanne gwargwadon amanarsa. Na damina gaba ɗaya ba ya cewa ga abin da zai faru. Yana raba yiwuwa ne kashi uku, ruwa fiye da yadda aka saba, ko daidai, ko ƙasa da haka, ya faɗi wanda ya fi rinjaye a yanki mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Na kwana ɗaya zuwa biyar kwamfuta ke lissafa shi daga awon iska da zafi da danshi, kuma a wannan yanki shi ne mafi rauni. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙane a awon farko yakan girma har ya ɓata lissafi, a Sahel kuwa tashoshin awo kaɗan ne, hadari kuma yakan ƙullu ne daga ƙananan dalilai, har da bambancin jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya da ruwan jiya ya bari. Wani bincike da masana na Karlsruhe a Jamus suka wallafa a 2018 ya nuna cewa hasashen ruwan gobe na manyan kwamfutocin duniya, a arewacin Afirka mai damina, da ƙyar yake fin abin da mutum zai faɗa idan ya duba littafin shekarun baya kawai. Na uku shi ne na awa biyu zuwa shida, wanda ke bin hadarin da ya riga ya ƙullu a hoton tauraro, kuma shi ne mafi gaskiya. Malam yana da nasa irin: ɗan ƙanwarsa da ke Damagaram yakan kira shi a waya idan ƙura ta rufe birnin, shi kuma ya duba agogo ya ƙara kimanin awa biyu, ya aika a kwashe shanya a ɗaure dabbobi. Wani lokaci hadarin ya iso, wani lokaci ya karkata ya zuba a Korgom ko Kona, Baudeta ta sha iska kawai.

An sha ja da shi a ƙofar masallaci kan ko wannan duba ne, tun da saukar ruwa tana cikin abubuwan da saninsu ke wurin Allah. A wasu ƙauyukan da ya koyar ya tarar da ragowar al'adar buɗin daji, inda ake neman sanin yadda shekara za ta kasance ta hanyar da malamai suka yi hani da ita, saboda haka ya san daga inda tsoron ya fito. Amsarsa ba ta canzawa. Wanda ya hango ƙurar ayari ya ce baƙi na tafe bai shiga gaibu ba, ido ya yi amfani da shi. Mahaifinsa da shamuwa da ma'aikacin meteyo abu ɗaya suke karantawa, sai dai idon wani ya fi na wani nisa. Kuma dukansu a wuri ɗaya suke tsayawa: suna iya cewa hadari na zuwa, ba sa iya cewa gonar wane zai jiƙa, ko itacen wane zai tsaga. Wannan ne abin da ya tarar a ƙarshen tambayarsa ta yarinta. Ilimi ya gaya masa yadda abin ya faru, ya ɗauke laifi daga kan mamaci, amma «me ya sa shi» ya bar ta inda liman ya ajiye ta.

Inda iyakar sanin ta fi ciwo shi ne ranar shuka. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya tsara ƙa'idar gane faɗuwar damina: a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, kuma kada a yi fashin da ya wuce kwana 7 a cikin kwana 30 masu biyowa. Rabin farko ma'auni yana faɗarsa da safe. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, 20 ke nan lita dubu 200 a hekta. Rabi na biyu kuwa sai bayan wata guda ake saninsa, lokacin da iri ya riga ya shiga ƙasa. Mai tiya biyar ta iri a tukunya, wanda ya hana ƴaƴansa ita a bazara, ba shi da damar jira ya gani. In ya yi sauri ta ƙone, in ya yi jinkiri damina ta ƙare kafin hatsi ya nuna, a ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da 2004 ba, da ruwa ya ɗauke da wuri fara ta biyo baya, da yunwar 2005 da ta cika asibitocin Maradi da yara.

Shi ya sa washegarin ruwan farko ƙofar gidansa takan cika, har da masu ba'ar. «Malam, nawa ta ce?» Ya ce 14. Wani tsoho sa'an mahaifinsa, lokacin yana da rai, yakan tsuguna ya tona rairayi da hannu har wuyan hannunsa, ya dunƙula ya ga ko zai riƙe, ya ce danshin sama bai gamu da na ƙasa ba. Malam ya ce: «Haka ne, Baba, kofin ma abin da ya faɗa ke nan.» Shawarar da yakan bayar ba ta da daɗin ji ga mai son tabbas: a shuka rabin iri a jigawa, a riƙe rabi. Da yawa sukan shuka duka, wasu shekarun su ne da gaskiya. Yakan rubuta wannan ma a littafin.

Littattafan yanzu sun kai goma sha, kuma abin da yake gani a cikinsu ya yi daidai da abin da masana suka gani daga sama. Ruwa ya dawo bayan farin 1973 da na 1984, amma ya dawo da wani hali. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa hadurra mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, saboda Sahara tana ƙara zafi. A Afrilun 2024 hasashen damina ya yi gargaɗin ruwa fiye da kima. A ƙarshen Agusta ruwa ya rushe gidaje a birnin Maradi ya ci rayuka, a farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, kuma a faɗin Nijar mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa. An faɗa, an kuma ji, amma mai ginin laka da ba shi da kuɗin siminti jin bai ƙara masa komi ba sai zullumi.

Gawo ma ya dawo. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka koma barin tohon itatuwa a gona suna sassabe shi da kulawa, har gonakin da suka zama fili suka sake yin inuwa. Itacen yana tare iskar da ke yanka ƙaramar shuka da rairayi, ganyensa yana taki, ƴaƴansa suna ƙosar da dabba. Malam yana cikin masu kiran a bar shi. Amma duk shekara, idan shamuwa ta sauka, yakan nemi izinin shugaban lakkol ya shiga ajin manya da jakar fatar mahaifinsa. Yakan fito da baƙin dutsen ya bar shi ya zaga hannu-hannu, yaran suna ɗari-ɗari da farko. Sannan ya koya musu lissafi: daga walƙiya zuwa tsawa a ƙirga daƙiƙa, kowace uku kilomita ɗaya ce, in bai kai 30 ba hadari ya iso inda zai iya taɓa mutum. A bar gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, a sauka daga kan tudu, a fita daga tabki, a warwatsu kada a cure wuri ɗaya, kada a koma gona sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. Daga ƙarshe yakan kwantar da yaro ɗaya a kan tabarma ya nuna musu inda ake ɗora hannu a ƙirji da yadda ake dannawa. Yakan maimaita sau uku cewa wanda ya faɗi a taɓa shi, kada a jira kowa. Bai taɓa gaya musu dalilin da ya sa muryarsa ke canzawa a wannan wuri ba, ko da yake iyayensu sun sani.

A daminar da ta wuce, ruwan shuka ya zo da dare. Jikarsa ce ta zauna kusa da shi a zaure tana ƙirga da ƙarfi, tana faɗa masa kilomita huɗu, kilomita biyu, har ƙarar ruwa a kan kwano ta rufe muryarta. Da asuba ya fita da fitila, ya sunkuya gaban kofin. Milimita 23. Ya rubuta, ya zubar, ya tona rairayi da hannu kamar yadda tsofaffi ke yi, sannan ya shiga ya ce a fito da rabin iri. Hantsi bai yi ba suna gona, shi a gaba da sungumi yana sara, yara a baya suna jefa hatsi suna rufewa da diddige. A tsakiyar gonar, inda tsohon gawon ya tsaya, akwai wani da ya toho daga saiwarsa, yanzu ya fi ɗaki tsawo, ya kaɗe ganyensa kaf. Da layin shuka ya kawo shi wurin, ya ɗan tsaya ya yi wa wansa addu'a, ya dubi gabas, sannan ya kewaye itacen ya ci gaba da sara.